Kafin Firiza Ta Shigo Gidajenmu

A gidan Bahaushe na da, dafaffen abinci ba ya wuce kwana ɗaya. Tuwon da aka tuƙa da magariba, in ya yi saura a yi ɗumame da safe, magana ta ƙare. Tanadin iyayenmu mata yana can baya ne, tun kafin tukunya ta hau murhu. Kayan haɗi suke adanawa, da taimakon rana da gishiri da mai da hayaƙi.

Da kaka ta yi, za ka ga tabarmi shimfiɗe a tsakar gida da kan soraye, an yayyanka kuɓewa an baza. Ganyen kuka a inuwa ake busar da shi don kada ya rasa korensa, sannan a daka a tankaɗe. Haka karkashi, haka zogale. In sanyi ya shigo, tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa har ya rasa mai saye, sai a tsattsaga shi a shanya ya zama kauɗa. Ita kuwa daddawa aikin haƙuri ce: a dafa kalwa ta yi laushi, a wanke, a lulluɓe ta kwana 2 ko 3 har ta nuna, a kirɓa, a mulmula, a shanya. Macen da ta haɗa waɗannan a ɗakinta, ko baƙi goma suka sauka da la'asar ba ta aika yaro kasuwa.

Amma inda gwanintar take fitowa sosai shi ne naman layya. A yanka rago ranar 10 ga Zulhajji, a rataye naman ya sha iska ya tsane, washegari a hura wuta tun da safe. Suyar Sallah ba ta son gaggawa. Ana barin naman cikin kitsensa yana soyuwa sannu a hankali har ruwan jikinsa ya ƙone ƙurmus, domin ruwan nan shi ne mafarin ruɓewa. Daga nan a juye a kwalla, kakiɗe ya daskare a kansa ya hana iska shiga. Wani kason a daka a yi dambu. A Maraɗi da Damagaram kuwa banƙare ragon ake yi a jikin itace, a jera kewaye da wuta ya wuni yana gasuwa kafin a zo ga suya. Gidaje da yawa sukan ɓoye wani yanki, musamman jela, sai daren cika-ciki na watan Muharram, wata guda ke nan cur, a fito da shi lafiya ƙalau. Har yau ina jin miyar kuka da aka jefa wa tsoka biyu na wannan nama ta fi wadda aka yi da sabon yanka.

Yanzu salon ya juya, dafaffen ake ajiyewa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke fita tun bakwai na safe takan ware ranar Asabar: a kai markaɗe inji, a soya kayan miya tukunya guda, a dafa wake, a sulala kaza, a rarraba a robobi a jera a firiza. Ranar Laraba da yamma sai dai ta dafa shinkafa ta ɗumama miya. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, kuma masu cewa lalaci ne ba su taɓa dawowa daga aiki suka tarar da yara da yunwa ba. Firiza ta sauke wa mata nauyi na gaske.

Sai dai amanarta a hannun wutar lantarki take. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi. Firizar da take cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta kamar awa 48 bayan an ɗauke wuta. Wadda take rabi, awa 24. Miyar da ta narke ta sake daskarewa sau biyu sau uku, ta zama abin tsoro. Shi ya sa dabarun da ba su jiran wuta ba su tsufa ba. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunyar ƙasa cikin wata, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex a kan haka. A 2016 ma, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, masu kauɗa a buhu ne suka ci gaba da miyarsu hankali kwance.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A da, tunda dafaffen abinci ba ya ajiyuwa, dole ya fita. Ana kwashe tuwo, akwai kwanon tsohuwar da ke maƙwabtaka, akwai na dogarin zaure ko baƙon da ya sauka a masallaci, akwai na almajirin da zai tsaya a ƙofa bayan isha'i. Saura yana da masu shi. Yau saura yana da roba mai murfi, kuma gida yana iya cika da abincin mako guda alhali na jikin katangarsa sun kwana ba su ɗora tukunya ba, ba wanda ya sani.

Don haka, uwargida, ranar Asabar in kin jera robobinki za ki raba miya, ki ƙara guda ɗaya a layin, ki ba yaro ya miƙa maƙwabta tun da zafinta. In kuma akwai tsohuwa a danginku da ta iya suyar layya da haɗa daddawa, ki tura 'ya'yanki su zauna kusa da ita bana.