Wa Ya Gwada Akwatin Wutar, Kuma Da Me Ya Gwada?



Da yawanmu a kwamfutar tebur muke buga rubutu, amma akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi ƙauri. Shi ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa sauran kayan. In ya ƙone, wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai, har ma'ajiyar da labarinmu na wata shida ke kwance a ciki yakan ja.

To, in za mu saya sai mu garzaya intanet neman sharhi. Galibin abin da muke tararwa shi ne mutum ya buɗe kwali, ya yaba wayoyi da fenti, ya jona a kwamfutarsa, bayan kwana uku ya ce kaya ya yi. Mu a wajenmu wannan ba gwaji ba ne. Kwamfutar rubutu ko rabin ƙarfin akwati mai wat 750 ba ta ja, yaya za a yi ta tona masa asiri?

Gwajin gaske sai da na'urar ɗora nauyi, irin ta kamfanin Chroma, wadda ke jan wuta daidai gwargwadon da aka umarce ta. Sai kuma osiloskof, mai nuna rawar da wutar ke yi, wadda ido ba ya gani amma tana cin kayan kwamfuta a hankali. Ƙa'idar ATX ta ce kada rawar ta wuce milibolt 120 a layin bolt 12. Akwai ma awon ɗan lokacin da akwatin zai riƙe kwamfuta bayan an ɗauke wuta, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, amma shi ke ba UPS damar karɓa. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, wannan awon ya fi mana fenti.

Tambarin 80 PLUS kuwa, wanda aka fara a 2004, muna ba shi girman da bai nema ba. Abin da yake shaidawa shi ne aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta shiga ta fito a matsayin aiki, a nauyin kashi 20 da 50 da 100. Bai ce komai a kan rawar wuta ba, balle a kan ko akwatin zai kare kansa. Kamfani ne ke biya, shi ke aika samfurin, kuma a ɗaki mai sanyin digiri 23 ko kusa da haka ake gwadawa. A Sakkwato cikin watan Afrilu ma'auni kan wuce 40. Shi ya sa masu gwaji na ƙwarai ke saka akwatin cikin ɗakin zafi kafin su auna.

A 2021 tashar Gamers Nexus ta Amurka ta tara akwatunan Gigabyte samfurin GP-P750GM da GP-P850GM, duk masu tambarin 80 PLUS Gold, ta ɗora musu nauyi fiye da ƙima don ganin ko za su kashe kansu kamar yadda aka tsara. Wasu suka yi tartsatsi suka mutu a gaban kyamara. Tun kafin nan Aris Mpitziopoulos, mai ɗakin gwaji na Cybenetics, ya ga irin haka. Kamfanin ya ce ba wanda ke amfani da kaya a irin wannan nauyi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai birki ai don ranar hatsari aka yi shi. Daga baya ya rage iyakar da kariyar ke tashi, ya kuma ba da damar musanya.

Ko sharhi mai kyau ma yana da iyaka. Yawancin sunayen da ke jikin kwali ba su ke ƙera kayan ba, masana'antu irin su CWT da Great Wall ke yi musu, kuma ana iya sauya kayan ciki bayan an gama yabo, suna na nan yadda yake. Saboda haka muke duba ko mai sharhin da kuɗinsa ya saya a kasuwa ko kyauta aka aiko masa, da kuma shekarar da ya rubuta.

Sannan wanda ke zuwa hannunmu a shagon gyara sau da yawa na hannu ne, an ciro shi daga kwamfutar da ta yi shekaru tana aiki a wata ƙasa, kafasitocinsa sun fara bushewa. Sabo aka gwada a bidiyon, wannan kuwa mai shago zai jona shi ne kawai, fanka ta juya, ya ce mana lafiyarsa ƙalau.