Kafin A Sayar Da Gona Saboda Digirin Wasa

Mu 'yan Gaya da Ajingi da muka karanta kimiyyar kwamfuta, muke cin abinci da rubuta manhaja, tambayar da ake yi mana a gida ta sauya. A da, wayar da ta ƙi kamawa ake miƙo mana, ko a ce mu buɗe wa wani Facebook. Yanzu ƙannenmu cewa suke yi, "Yaya, in na karanta ƙirar wasannin kwamfuta a jami'a, zan samu aiki?" Ba ma ɗaukar tambayar da wasa, domin a bayanta akwai dukiya. Wani uban har ya fara lissafin sayar da gona ko shanun huɗa don ya tura ɗansa waje, saboda yaron ya ga tallar wata makaranta a waya.

Sha'awar yaran nan ba ƙarya ba ce. A gidajen gem suka tashi, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation, janareta yana ruri a bayan shago. Sana'ar ma ta gaske ce. Sai dai wanda ya iya cin tuwo ba lallai ne ya iya tuƙa shi ba. Wasa guda yana cin hannaye da yawa: mai tsara ƙa'idoji, mai rubuta manhaja, mai zane, mai sauti, da mai gwaji wanda zai wuni yana maimaita mataki ɗaya yana farautar kuskure. Kujerar mai tsarawa, wadda ita ce yara suke hange, ba a cika ba sabon shiga ita ba.

Akwai waɗanda makaranta ta kai su. A Amurka, wasu ɗaliban makarantar DigiPen sun ƙera wani ɗan wasa mai suna Narbacular Drop a 2005. Kamfanin Valve ya gani, ya ɗauke su aiki, daga nan aka samu Portal a 2007. Amma a lura da abin da kamfanin ya duba: wasan da suka gama, wanda mutum zai zauna ya buga. Eric Barone kuwa kimiyyar kwamfuta ya karanta kamar mu, ya nemi aiki bai samu ba, ya zauna shi kaɗai sama da shekara huɗu har ya fitar da Stardew Valley a 2016. Hanyoyin biyu sun bambanta, amma a wuri ɗaya suka haɗu, wato aikin da aka kammala.

Kasuwar kuma ba ta da tabbas. A watan Janairun 2024 kaɗai, Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninsa, Unity ya sallami kimanin 1,800. Mutanen da suka shekara goma a cikin sana'ar suna layin neman aiki tare da wanda ya fito jiya. A nahiyarmu akwai masu ƙoƙari: Leti Arts da aka kafa a 2009 tsakanin Gana da Kenya, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, da Kiro'o Games na Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016. Muna jinjina musu, amma ƙananan kamfanoni ne, ba masu ɗibar ma'aikata ɗari-ɗari ba. Ko horon GameUp Africa da Maliyo ya fara a 2021, na 'yan watanni ne ta intanet, ba digirin shekara huɗu ba.

Shi ya sa muke nuna wa ƙannenmu abin da ke kusa. Duk mai zuwa Kano daga Gaya ta Wudil yake bi, kuma a nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take. Gaba kaɗan ga Jami'ar Bayero. Digirin kimiyyar kwamfuta yana ba mutum lissafi, da tsarin adana bayanai, da sanin yadda ake warware matsala mataki-mataki, kuma a kan waɗannan kowane wasa yake tsaye. In wasan bai kawo kuɗi ba, ilimin nan zai ciyar da mai shi a banki, ko kamfanin sadarwa, ko wajen masu manhajar biyan kuɗi. Wanda ya ƙuntata karatunsa ga wasa kaɗai, ɗaki ya gina mai ƙofa ɗaya.

Mutanen Gaya bai kamata wannan ya zame musu baƙon zance ba. Tarihin Kano ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo Dala neman tama. Har gobe manomi ba ya tambayar maƙeri wa ya koyar da shi. Fartanyar yake ɗagawa ya duba bakinta. Haka masu ɗaukar aiki suke yi mana. Takarda takan shigar da mu ɗakin ganawa, amma da an zauna sai a ce mu nuna abin da muka ƙera.

To me yaro zai ƙera a Ajingi? Ya fara da dara. Gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Da baki abu ne mai sauƙi. Amma ranar da ya zauna zai koya wa waya wannan, tambayoyi za su taso masa. In huɗu suka jeru fa? Yaya wayar za ta zaɓi inda za ta kai ɗanta, ta yadda ba za ta zama sakarya ba, ba kuma za ta gagari kowa ba? Zai yi aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba? Dole ya koma gindin bishiya ya tambayi dattawa, domin wata ƙa'idar takan bambanta daga gari zuwa gari. Manhajar Godot da ake ƙera wasanni da ita kyauta ce. Abin da ba kyauta ba shi ne wuta, da data, da haƙurin gama abin da aka fara, ga kuma 'yan unguwa da za su ce shiririta yake yi.

Ga iyayenmu kuma, roƙonmu ɗaya ne: Baba, a bar gonar nan. A saya wa yaro kwamfutar cinya ko da ta hannu ce, da ɗan faifan sola, ya nemi gurbi a Wudil ko Bayero. A ba shi shekara guda. In ya gama wasan da yara goma a unguwa za su buga har ƙarshe ba don kunyarsa ba, sai a zauna a yi maganar ƙarin karatu. In kuma bai gama ba, yana da digirin da zai nemi abinci da shi, damina kuma za ta tarar da gonar a hannun masu ita.