Jiragen Kawu Uku a Kwatar Doron Baga

A Dala ta Maiduguri babu kwata, babu kogin da jirgi zai bi. Yashi ne da inuwar dogon yaro. Duk da haka, tukunyar gidanmu jirgin ruwa ne ya riƙe ta. Kawu, wan mahaifiyata, yana da jirage a Doron Baga, Baba kuma yana sauke kwalayen banda a kasuwar kifi ta Baga Road, ya sayar wa fatake masu lodin Onitsha da Enugu da Legas. In jirgi ya kwana a tumbu, wato tsibirin cikin tafki, bai fito ba, mukan ji a miyarmu tun kafin mu ji a bakin kowa.

Da an ba da dogon hutu sai a tura mu wurin Kawu. Tafiyar mota ce ta kusan kilomita 200: Gajiganna, Gajiram, Monguno, Cross Kauwa, sannan Baga. Wannan farkon shekarun 1990 ke nan, tafkin ya riga ya ja baya. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙarasa, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Tsofaffin Baga sukan nuna mana inda suka ɗaure jirgi suna samari, wurin ya zama gonar wake da masara. Mu a zamaninmu sai an gangara Doro, daga nan ma ba sararin ruwa ake fara gani ba, hanyoyi ne da aka sare a cikin ciyawa, wata da ƙyar jirage biyu ke giftawa.

Jiragen Kawu uku ne, kowanne da sunan da yaran kwata suka laƙaba masa. Akwai Tsohuwa, akwai Jakin Ruwa, daga baya aka yi Amarya.

Tsohuwa ta girme ni. Ta katako ce, gindinta shimfiɗaɗɗe, ba ta da inji, sai doguwar sanda da filafili. Ana cusa auduga a tsakanin katakai da bakin wuƙa, a zuba narkakkiyar kwalta, inda ya tsage sosai a buga falankin gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Duk da haka tana shan ruwa, don haka kowane yaro da ya shige ta yana da aiki: a miƙa maka yankakkiyar jarka ka yi ta kwarfa har kafaɗarka ta ƙage. Babu benci. Mata sukan zauna kan buhunan gero, su lulluɓe jarirai da gefen mayafi, rana tana dukansu daga sama, ruwa yana mayar musu da ita daga ƙasa. Mai tuƙi yana tsaye a baya, ya kafa sanda a laka, ya jingina da ƙirjinsa, ya taka zuwa gaba, ya zare. Tafiyar da inji ke yi kafin azahar ita sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da sauro ya fara fitowa daga ciyawa. Amma ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe ta. Ko dorina ta yi gurnani a gaba, shiru Tsohuwa ke ratsewa ta wata kafa.

Ita ma akwai wanda ya girme ta a tafkin. Na tarar da ragowar kadai, jirgin Buduma da ake ɗaurawa da dammunan ciyawar ruwa, gabansa a lanƙwashe sama, wanda ba ya nutsewa sai dai ya jiƙe ya yi nauyi bayan watanni a sake wani. Da na girma na karanta cewa a 1969 wani Bature ɗan Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauki masu ɗaura kadai daga Bol, can gaɓar Chadi, ya kai su Masar suka ɗaura masa jirgin da ya kira Ra, ya shiga Tekun Atlantika da shi daga Maroko. Tun kafin nan, a 1851, zamanin Shehu Umar a Kukawa, wani Bature mai suna Adolf Overweg ya harhaɗa wani jirgi da aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya zaga tsibiran Buduma. Tafkin ya daɗe yana ganin sabon jirgi ya zo ya tarar da tsoho.

Jakin Ruwa na kaya ne. Inji ɗan madaidaici, ciki cike da kwalayen tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, jarkokin fetur, awaki, itacen banda. Wanda ya shige shi sai ya kwana biyu yana warin hayaƙi. Shi ke kawo kuɗin, babu mai musu, amma babu wanda ke ɗora matarsa a kai in yana da zaɓi.

Amarya kuwa matar Kawu ce silarta. Inna, kamar yadda muke kiranta, 'yar wani tumbu ce, duk shekara sai ta je ganin gida. Ranar da Kawu yake lissafin katako da kafinta a ƙofar gida, ta leƙo ta ce, "Alhaji, in sabo za ka yi, ka yi mana wurin da mace za ta kewaya. Sauran duk ado ne." Kafinta ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce, "To, an ji."

Sai daga baya na fahimci nauyin maganar. A Tsohuwa da Jakin Ruwa namiji yakan juya baya a gefen jirgi ya biya buƙatarsa, mace ba ta da wannan damar. Saboda haka mata ba sa shan ruwa tun daren da za a tashi. Mai ciki, mai shayarwa, tsohuwa mai ciwon suga, duk haka suke yini a tsakiyar ruwa da ƙishi, leɓɓansu a bushe. Na tuna Inna tana jiƙa yatsa tana shafa wa bakinta, ban san dalili ba, na ɗauka azumi take.

Kafinta ya yi Amarya da katakon Kudu, doguwa, mai zurfin ciki. Aka kafa ƙarafa aka ja tamfol ya zama rumfa daga gaba har kusan baya. Aka jera bencuna. Aka ware gaba ga mata da yara, nesa da hayaƙin inji, da labule. Aka ɗaure randa a kusurwa da moɗa. Can baya, a gefe, aka yi ɗan ƙaramin keji na langa-langa mai ƙofa da sakata, ƙasansa a buɗe ga ruwa, da buta a rataye. Sannan aka ɗaura mata Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda in ya tashi har Doro ake jin sa. An shafa mata shuɗin fenti, Kawu da kansa ya ja jan layi a jikinta ya ce wa direba in ruwa ya taɓa layin nan ko ɗan Shehu ne kada a ƙara.

Kuɗinta ya fi na sauran, amma kullum a cike take, kuma fasinjan ya canja. Kakata, wadda ta yi shekaru ba ta ga ƙanwarta da ke aure a Darak ba, ta shiga. Aka fara kai amare da kayan ɗakinsu ba tare da madubi ya fashe ko katifa ta sha man kifi ba. Mace mai naƙudar da ta ƙi ci ana iya fito da ita daga tumbu a kai ta asibiti a yinin. A ƙarƙashin rumfar nan na fara jin Hausar Hadejia da ta Argungu, da Kanuri da Larabcin Shuwa da Buduma, da Hausar mutanen Mali waɗanda suka kawo gura, tarkon kifi, tafkin, ana ciniki da naira da sefa a benci ɗaya. Ina jin masu cewa komai na da ya fi. A wannan ban yarda ba. Wanda ya ga fuskar Inna ranar da ta ɗebi ruwa a randa ta sha a tsakiyar tafki ba zai ce Tsohuwa ta fi ba.

Masu manyan jiragen shaƙatawa na teku ma lissafin da suke yi ke nan: in ka gamsar da uwa da yara, ka sayar da kujera biyar maimakon ɗaya. Kamfanin Royal Caribbean ya fito da Sovereign of the Seas a 1988, mai tsawon mita 268, ana ta mamakin girmansa. A Janairun 2024 ya tayar da Icon of the Seas daga Miami ta Amurka, mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, an cika shi da wuraren wasan yara da tafkunan wanka don iyali. Shi kuwa na 1988 tuni aka yanka shi aka sayar da ƙarfensa a Aliaga ta Turkiyya a 2020. Su teku gare su, zurfinsa ba ya raguwa da bazara. Kawu bai isa ya yi wa Tsohuwa haka ba.

Ruwan tafkin daga Shari da Logon yake zuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma a makare yake isowa: sai damina ta wuce, da sanyi, yake cika, ya yi ta ja har farkon wata daminar. Da bazara Amarya ba ta isa bakin yawancin tumbuna. Cikinta mai zurfi yakan zauna a laka. Farfela takan naɗe ciyawa ko tsohon kalli. Wani lokacin iska ta turo tsibirin ciyawa sukutum, mai yawo a kan ruwa, ya toshe hanyar da aka bi da safe. Ga wahalar fetur ta shekarun 1990, wadda takan sa ta yi mako a ɗaure ana jiran 'yan bumburutu su sauko da farashi.

Akwai wata tafiya da muke dawowa da Kaka. Rana ta yi ja, inji ya yi tari ya mutu. Yaron jirgi ya tuɓe riga, ya ciji wuƙa, ya sauka. Ruwan iya ƙugunsa, lakar ta haɗiye shi zuwa gwiwa. Ya yi ta yankar ciyawa daga farfela yana jefowa, hannunsa duk jini. Aka tayar, muka yi taku kaɗan, jirgi ya zauna daram. Maza suka sauka suka tura, ko motsi. Kaka tana jan carbi, jarirai suka fara kuka, sauro ya rufe mu. Direba ya hau kan rumfa yana ta kira da hannu a baki. Bayan magariba muka ji ƙarar sanda a laka. Tsohuwa ce, Kawu ya ga lokaci ya wuce ya turo ta. Aka fara da mata da yara. Mai sandar ya durƙusa ya ce, "Hajiya, dafa kafaɗata, kada ki dubi ruwan." Sau uku ta yi sawu. Da Amarya ta yi sauƙi sai ta taso da kanta, aka jawo ta a baya. Tun daga ranar, da bazara ba a tayar da Amarya sai an san inda Tsohuwa take.

Gudun ma ya zo da nasa. Igiyar ruwan da Amarya ke tayarwa takan kifar da ƙaramin kwale-kwale, farfela takan tsinka koma ko ta ratsa dumba, shingen kamun kifi, a yi ta shari'a gaban bulama, Kawu yana biya. Rigar ruwa kuwa babu ko ɗaya a jiragen uku. Abin da ake da shi gora ce irin ta masunta da jarkokin da babu komai ciki. Wannan har yau yana ci mini rai, domin mutum arba'in ne a jirgin da ke gudu, rabinsu ba su iya iyo ba, kuma ba a Doro kaɗai ba: haka ake ta asarar rayuka a Neja da Kebbi da Sakkwato, lodi ya wuce kima, tafiyar dare, babu riga. Jan layin Kawu ya tsare mu, amma layi yana aiki ne muddin mai jirgi yana tsaye a kwata.

Hanyar Darak ta fara mutuwa bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002, da aka miƙa garin ga Kamaru a ƙarshen 2003. Takardu da shingaye suka yi yawa. Tsohuwa ta mutu mutuwar tsufa, aka ɓamɓare katakanta aka yi rumfar banda. Jakin Ruwa an sayar. Amarya tana ɗaure a kwata ranar 3 ga Janairu 2015, da aka auka wa Baga da Doro. Wasu sun tsallaka ta ruwa zuwa Chadi, wasu suka bi daji. Kawu da Inna a ƙafa suka kai Monguno, suka iso mana Dala da kayan jikinsu. Bai sake ganin jirginsa ba, bai kuma taɓa tambayar waɗanda suka koma ba.

A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin Maiduguri, na ga jiragen zamani na roba da na faiba masu inji suna kwashe mutane a manyan tituna, marasa nauyi, ba sa shan ruwa, masu aikin ceto sanye da rigar ruwa. A lungunan Gwange kuwa, inda katanga ta faɗi kuma waya ta kwanta a ruwa, kwale-kwalen katako da sanda ne ke shiga ya fito da tsofaffi zuwa inda mai inji ke jira.

Tun 2020 aka fara mayar da mutane Baga, kuma autan Kawu yana cikin waɗanda suka koma. Yana da kwale-kwale ɗaya na sanda, yana tara kuɗin na biyu. Da ya zo Dala da sallar bara, gardamar da suka yini yi da mahaifinsa ita ce ko ya sayi na faiba ko ya sa a yi masa na katako, da ko inji ƙarami ko babba. Yaron yana son faiba saboda ba ya ruɓewa. Kawu ya ce in ya tsage a tumbu wa zai ɗinke shi, alhali katako kowane kafinta ya iya shi. Inna ta ce ko wanne ne a yi rumfa da makewayi. Ni na ɗauki nauyin rigunan ruwa, har da ƙananan na yara, na ce sai na ga jirgin da idona zan miƙa su. An tashi a kan zai jira watan Yuni ya auna zurfin hanyoyin da sanda kafin ya ba kowa kuɗi.