Zobe da faifai

Ɗan ƙanwata yana karatun injiniya a wani birni na ƙasar Cek mai suna Brno. Uwarsa ta kasa haɗa baƙaƙen nan uku a bakinta, don haka in an tambaye ta sai ta ce yaron yana Barno, mutane kuma su ce ai kusa ne, me ya hana shi zuwa salla? Kafin a bar shi ya shiga aji sai da ya shekara yana koyon harshen ƙasar. A cikin wannan shekara ce ya aiko mini da hoton wata takarda ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, ga irin abincinka."

Takardar darasi ce ta sunayen siffofi da na zane-zane. Ingilishi a hagu, Cekanci a dama, a gefe kuma abokin ɗakinsa, mutumin Sulobakiya, ya bi da bik ja ya rubuta yadda ake faɗa a nasu harshen. Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, mafi yawansu a ajin CM2, kuma ban taɓa zaton takardar wani harshe da ba na ji za ta hana ni barci ba.

Ɓangaren Ingilishi bai ba ni wahala ba, domin wanda ya yi lakwal a Nijar ya san rabinsa tun kafin ya gani. Triangle da rectangle rubutunsu ɗaya da na Faransanci. Circle, cube, cone, cylinder, sphere, duk ƴan uwan waɗanda muke rubutawa a tablo ne. Dalili kuwa shi ne Ingilishi aro ya yi: wasu daga Latin ta hanyar Faransanci, wasu daga Girkanci. Ɗan Ingila mai shekara tara da ya ji rhombus ko diagonal ba ya jin komai a cikin kalmar, hadda yake yi kamar namu. Bambancinsa da namu shi ne sauran jimlar duka da harshen uwarsa take.

Ɓangaren dama ne ya tsayar da ni. Na kira yaron da dare na ce ya fasa mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake fasa goro. Ya ce trojúhelník, wato alwatika, gaɓa biyu ce a haɗe: troj uku, úhel kusurwa. Čtverec, wato murabba'i, daga kalmar huɗu ta fito. Siffar da muke kira losange su kosočtverec suke cewa, murabba'in da ya karkace. Layukan da ba sa gamuwa suna kiran kowane rovnoběžka, mai gudu daidai da ɗan'uwansa. Dala, irin ta Masar ko ta gyaɗa, jehlan ce, daga jehla, allura, saboda tsinin kanta. Válec, siffar gwangwani, daga mirginawa. Wadda ta fi burge ni kužel, wato cône: a da sunan sandar da mata ke ɗaura kayan kaɗi ne a kanta. Kayan ɗakin kaka ya shiga littafin lissafi ya zauna.

Da na ajiye waya sai na tuna wani yaro. A shekarata ta uku da fara aiki, a wata lakwal ta ƙauye, na zana cône a tablo na tambayi sunansa. Aji ya yi tsit. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, malfa ce." Yara suka fashe da dariya, ni kuma na sa shi ya durƙusa har aka tashi. Ni da aka rataya wa sambol a wuya ina ƙarami don na yi Hausa a filin lakwal, ga ni ina biyan bashin a kan ɗan wani. A ajin nan duka shi kaɗai ya ga siffar da idonsa, sauran jira suke in faɗa su maimaita. Bai ƙara ɗaga hannu ba a wannan shekara. Ba na cewa ni na kore shi daga karatu, talauci ya riga ni. Amma na san abin da na yi.

Waɗannan kalmomi na Cekanci ba daga sama suka faɗo ba. Bayan yaƙin 1620 ƙasar ta ƙara nutsewa a hannun sarakunan Ostiriya, a hankali Jamusanci ya mamaye ofis da manyan makarantu, Cekanci ya koma harshen ƙauye da na masu aikin hannu. A farkon ƙarni na 19 wasu mutane, da yawansu malaman makaranta da limaman coci, suka ɗaura ɗamarar mayar da shi harshen ilimi. Wani malamin lissafi a garin Plzeň, Josef Vojtěch Sedláček, ya fitar da littafin ilimin siffofi da Cekanci a 1822. Josef Jungmann ya kammala ƙamusunsa mai juzu'i 5 a 1839. Malamai ne irinmu, masu alli a hannun riga, suka yi ta tono kalmomi daga tsofaffin littattafai da bakin talakawa, inda babu su ƙera.

Ba duka suka rayu ba. Jan Svatopluk Presl ya ƙera sunayen sinadarai. Kyslík da vodík, na iskar da muke shaƙa da na abokiyarta da suke haɗuwa su zama ruwa, suna nan har gobe. Kostík kuwa, wadda ya ƙera daga kalmar ƙashi, ta mutu, yau fosfor suke cewa kamar kowa. Shi kansa Sedláček ya sa kalmar gida měřictví, wato awo, a sunan littafinsa kusa da geometrie, kuma ta aron ce ta ci. Na kuma tambayi yaron ko ɗan Cek yana jin allura in an ce jehlan. Ya yi dariya ya ce abokansa ba su taɓa lura ba sai da shi baƙo ya nuna musu. Wannan ya rage mini zumuɗi, kuma gara da ya rage. Kalmar gida ba laya ba ce. Amfaninta ranar farko ne, ranar da malami zai iya cewa "kun san allura?" aji duka ya ce e.

Rubutun jan bik ɗin ya koya mini wani abu dabam. Cekanci da Sulobakanci kusa suke ƙwarai, mutanensu suna hira kowa da nasa ba tare da tafinta ba. Ƙasa ɗaya suka zama a 1918, suka rabu lafiya ranar 1 ga Janairu 1993. Ľudovít Štúr da abokansa ne suka tsayar wa Sulobakanci ƙa'idar rubutu a 1843. Yawancin kalmomin takardar bambancin baki ne kawai: čtverec da štvorec, jehlan da ihlan, koule da guľa. Amma da aka zo kan cube sai hanya ta rabu. Cekawa suka ce krychle, kalmar aji zalla. Sulobakawa suka ce kocka, kalmar da suke kiran ƙwayar sukari mai kusurwa da ɗan dutsen caca. Abin dariyar shi ne a Cekanci kočka, da ƴar alama a kan c, kyanwa ce. Mu da waya ke cinye mana ƙugiya ta mayar da baƙi baki, mun san wannan ciwo. Abin lura dai shi ne kowace ƙasa ta riƙe tata kalmar, kuma injiniyoyinsu suna gina gada tare. Na faɗi haka ne saboda duk lokacin da aka tayar da zancen kalmomin lissafi da Hausa, sai wani ya ce a jira a daidaita da Kano tukuna. Mu muna cewa lakwal da kaye, su suna da nasu, ba a fasa auratayya ba.

Rabin takardar na biyu na zanen tufafi ne, kuma a nan kowane harshe ya saki jiki ya koma gida. Wani zane mai ƙananan haƙora, Ingilishi ya ce houndstooth, haƙorin kare. Cekawa suka ce kohoutí stopa, sawun zakara. Bafaranshe ya ce ƙafar kaza. Zane mai kama da ƙayar kifi kuwa, Ingilishi da Cekanci da Sulobakanci duk ƙashin kifi suka gani. Mai ɗigo-ɗigo Ingilishi ya ce polka dot, da sunan wata rawa da ta fito daga ƙasar Cek ɗin kanta wajen 1830, alhali su Cekawa puntík suke cewa, aron Jamusanci. Kowa da bashin da ke kansa. Mu ma da aka bar mu da masaƙa da maɗinka da magina ba mu rasa suna ba: saƙi, aska takwas, aska biyu, dagi, bakan gizo, ɗaurin guga. Wanda ya zagaya unguwar Birni a Damagaram ya ga lissafi a jikin bango. Yaron ya aiko mini da hoton wani ƙauyen Sulobakiya, Čičmany, inda ake yi wa gidajen katako farin zane daga ƙasa har sama, na nuna wa wani tsohon magini maƙwabcina. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Waɗannan sun iya, amma hannunsu bai kai namu nauyi ba."

Kalmar pattern kanta ta ba ni mamaki. Asalinta patron ce ta Faransanci, wadda muke kiran maigidan aiki da ita, kuma tela ke kiran takardar da yake yanka yadi a kanta. Daga baya furuci ya raba su a Ingilishi. Takwararta a Cekanci da Sulobakanci vzor ce, kuma tana ɗauke da kaya uku: zanen yadi, samfurin da ɗalibi ke bi a nahawu, da mutumin da ake koyi da shi. Shape kuwa tsohuwar kalmar gida ce a Ingilishi, tushenta halitta. Tvar ta Cekawa ma dangin tvořit ce, ƙirƙira. Sai na ga ashe muna da irinta: ƙira, daga ƙera. Muna cewa ƙirar mota, ƙirar jiki. Ban taɓa jin malami ya ce ƙirar alwatika ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Abin da na ɗauka na kai aji dai guda ne. Cekanci yana da kružnice, layin da ya kewaya, da kruh, filin da ke ciki. Sulobakanci kružnica da kruh. Ingilishin yau da kullum circle yake ce wa duka biyun. Faransanci ya raba, cercle da disque, amma ga yaranmu duka biyun ƙara ce kawai a kunne. Kowace shekara kusan rabin ajina suna rikita lissafin kewaye da na fili: a tambaye su ɗaya su kawo ɗayan, 3,14 tana nan a duka biyun, sai a yi ta canki-canki. Bana na shigo aji da zoben ƙarfe na bakin tukunya da faifan matata. Na ce wannan zobe ne, ba shi da ciki, tsawonsa ake aunawa, da zare. Wannan faifai ne, yana rufe ƙwarya, abin da ya rufe ake aunawa. Sannan na rubuta cercle a ƙarƙashin ɗaya, disque a ƙarƙashin ɗayan. Yara 58 gare ni. A gwajin da ya biyo baya 9 ne suka rikita. Aji ɗaya ne, shekara ɗaya, ba zan kai wa ministan ilimi wannan a matsayin hujja ba. Amma wata yarinya da ba ta taɓa magana ba ta tambaye ni ko bakin rijiya zobe ne, murfinta faifai. Na ce ta zo ta faɗa wa aji da kanta.

Labari ya kai gida, kuma ba kowa ya ji daɗi ba. A taron iyaye wani uba, ɗan kasuwa, ya miƙe ya ce, "Malam, faifai akwai shi a gidana. Na kawo ɗana ne ya koyi abin da babu a gidana." Ban ga laifinsa ba. Jarrabawa da Faransanci ake yi, kuma yana ganin ƴaƴan masu hali suna koyon Ingilishi a lakwal ta kuɗi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, amma littafin da ke kan teburina bai canza ba, takardar jarrabawa ma haka. Na ce masa, "Alhaji, ɗanka zai rubuta disque ranar jarrabawa, na ɗauki wannan alkawari. Faifan don ya san abin da yake rubutawa ne." Ya zauna, amma fuskarsa ba ta nuna ya gamsu ba. Ɗan ƙanwata da na ba shi labari ya ce shi da harshe huɗu yake lissafi yanzu, kuma in abu ya cije masa har yau da Hausa yake ƙirga a zuci. Wannan ba amsa ba ce ga Alhaji, domin yaron ya riga ya haye.

Inda na maƙale yanzu shi ne layukan da ba sa gamuwa. Cekawa sun ce masu gudu daidai. Na tambayi aji ranar Alhamis me za mu ce. Wani ya ce kunyoyin gona. Wata ta ce kitso, wasu suka ce kitso yana haɗuwa a ƙeya, aka yi ta gardama. Can sai wani yaro daga bencin baya, wajen da mai malfa yake zama a waccan lakwal, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, surukai. Hanya ɗaya suke bi, amma ba sa yarda su gamu."

Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Na rubuta duka ukun a gefen tablo, na ce kada mai shara ya goge. Ranar Litinin za mu zaɓa.