Biko ba ya yiwuwa ta bayan danga

A ƙasar Hausa in mace ta yi yaji, miji ba ya aika takarda ya zauna jiran amsa. Dattijo yake nema, a tafi gidan iyayenta, a zauna a ji abin da ya fitar da ita. Kamfanonin zamani ma suna da nasu bikon. Duk wanda ya sa manhajarsu cikin salula, ya yi aiki da ita kwana biyu ya daina, sai su bi shi da wasiƙun intanet, waɗanda ake ce ma imel, suna lallashinsa ya komo. Masu yajin kuwa yawa gare su. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta ƙidaya asusun kuɗɗi na salula biliyan 1 da miliyan 750 a shekarar 2023, amma miliyan 435 kaɗai ke motsi cikin wata.

Wani saurayi da ya gama karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ya gamu da wannan al'amari. Ya ƙera ƴar manhaja ta rubuta bashi, ya bi kasuwanni tun daga Tibiri da Gidan Rumji har Cadawa da Agye da Gazawa, yana sa ma ƴan kasuwar aya da wake da riɗi ita cikin salularsu. Abin da suke biya a wata, da shi yake biyan haya, da shi yake ɗauke da karatun ƙannensa. Da shekarar 2023 ta doshi ƙarewa, sai akasarinsu suka yi tsit.

Ya yi abin da littattafan sana'ar suka ce. Ya tsara wasiƙu uku da faransanci mai kyau: ta fari gaisuwa da tuni, ta biyu ragin kuɗɗi, ta uku ban kwana. Ya aika, ya jira, shiru kake ji. Dalilin kuwa sananne ne ga duk mai sayar da salula: salular Android ba ta sauke manhaja daga Play Store sai da adireshin Google, shi ya sa mai shago yakan buɗe ma mai saye adireshi nan take, ya ƙirƙiro kalmar sirri, kowa ya mance da ita kafin la'asar. Wasiƙun saurayin nan sun shiga ɗakin da maigida bai san yana da shi ba.

Da ya ga haka, sai ya hau mota ya bi babbar hanyar gabas, ya riƙa zama bakin rumfuna yana tambaya. Kowa da nasa dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024; wanda kayansa Jibiya da Katsina suke zuwa, me zai rubuta? An kuma yanke wutar da ke zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, cajin salula ya koma abin lissafi. Wani ya sayar da salular ya sayi taki. Wani cinikinsa na kaka ne, in damina ta faɗi gona yake komawa. Wani dattijo a Gazawa ya dube shi ya ce: «Yaro, masu cin bashina mutanen kirki ne, kuma jikokina na wasa da salular nan. In suka ga sunan liman fa?» Saurayin ya ce: «Baba, a yi mini kwana bakwai.» Ya komo ya sa ma manhajar makulli.

Wannan bai nuna imel ba shi da amfani ba. Ma'aikatan biro, da magatakardan ƙungiyoyin manoma, da masu kantin magani suna buɗe nasu kusan kullum, kuma daga cikinsu aka samu masu amsawa da ya sake salo. Wasiƙar ta koma gajera, da sunan mutum a kanta, da tambaya guda: me ya hana? Ba ya aikawa sai ya duba lokacin da mutum ya daina, don wanda ya yi shiru a Yuli ba ɗaya yake da wanda ya yi shiru tsakiyar kaka ba. Ƴan kasuwa kuwa saƙon murya yake tura musu ta WhatsApp, da hausa, jajibirin kasuwarsu. Wanda ya ce a ƙyale shi, an ƙyale shi, da ma tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum.

Masu karatu ƴan kasuwa sun san wannan tun kafin a ƙago salula. In mai ciniki ya ɗauke ƙafa, wata sa'a bashi ne ya yi masa nauyi yana jin kunya, wata sa'a ciwo ne a gida, wata sa'a magana ce aka faɗa masa ranar kasuwa ba a kula ba. Ragin farashi ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Na'ura na iya aika wasiƙa dubu kafin a gama alwala, amma ba ta san wanda aka yi ma rasuwa ba.

Ba duka suka komo ba, kuma har yanzu saurayin na lissafin kuɗɗin haya a ƙarshen wata. Sai dai yanzu duk wanda zai sa ma manhajar, yakan fara tambayarsa: in an neme ka, ta ina kake so a yi sallama? Allah ya sa albarka cikin nema.