Aikin da muka ɓamɓare da hannunmu



A wannan fitowar ba labarin ƙwallo ko kacici-kacici muka kawo muku ba. Laifi muka zo amsawa, kuma muna roƙon ku karanta har ƙarshe, musamman 'yan ajin ƙarshe.

Duk wanda ya shekara biyu a makarantar nan ya san tsohon editanmu, wanda ya gama bara. Shi ne ya zana ganuwar Katsina da ƙofofinta a kan kwali ɗaya, tun daga tamu Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga da Ƙofar Ƙaura. Shi ne kuma ya zana Hasumiyar Gobarau da biro kawai, har malamai suka riƙa tsayawa kallo a gaban allon nan.

A watan jiya ya kawo mana ziyara. Bayan ya gama NECO mahaifinsa ya kwanta ciwo, kuɗin JAMB ya gagara. Sai ya ji wani shagon ɗab'i a cikin gari yana neman yaron da zai riƙa tsara katin biki da kalanda da fosta. Ya yi sammako ya tafi.

Mai shagon ya dube shi ya ce, "Yaro, me ka iya?"

Ya ce, "Alhaji, na iya zane da tsara shafi. Shekara biyu ina yi a makaranta."

"To madalla. Nuna mini."

Sai ya miƙa takardar sakamakon jarrabawa. Alhaji ya mayar masa, ya ce, "Wannan ai ta shiga makaranta ce. Ni aikin hannunka nake son gani." Ana cikin haka wani saurayi ya ciro waya, ya nuna katunan da ya tsara da CorelDraw da Canva. A cewar yayanmu, ba su fi nasa kyau ba. Amma shi aka ɗauka.

Da ya kai nan a labarinsa, sai ya tambaye mu, "Ƙannena, ko akwai sauran zanena a wurinku?" Muka yi tsuru-tsuru. Ina zanen? Mu ne duk ranar Litinin muke ɓamɓare na makon jiya don mu liƙa sabo. Wani ya tafi bola aka ƙone shi ranar shara, wani ruwan damina ya jiƙe shi, wani kuwa, Allah ya yafe mana, ƙosai muka naɗe a ciki. Aikin shekara biyu, ko shafi ɗaya ba mu ajiye ba.

Abin da ya ƙara ba mu kunya shi ne, a unguwar nan kowa ya san wannan dabara sai mu. Tela yana da littafin hotunan ɗinkinsa. Mai lalle tana da zanenta a waya, tana nuna wa amare kafin a yi ciniki. Mai walda yana jingine ƙofofin da ya ƙera a bakin shago. Duk sun san gani ya kori ji.

Saboda haka ƙungiya ta zauna da malaminmu mai kula da mu, muka yanke shawara kowane mamba ya buɗe kundin ayyukansa. Ga yadda muke yi, ko wani zai amfana:

Kafin mu liƙa shafi, sai mun ɗauki hotonsa a inuwa da rana, a shimfiɗe, don kada ya karkace. Idan an cire shi, fayil yake shiga. A bayan kowane aiki muna rubuta kwanan wata, da abin da aka ce mu yi, da kayan da muka yi amfani da su. Muna haɗa zanen gwaji da kammalallen aikin, domin mai ɗaukar aiki ya ga yadda muke gyara kuskure. A ƙarshen zango kowa ya zaɓi goma mafi kyau, ya sa gwaninsa a farko. Hotunan kuma muna tura su imel, tunda waya tana ɓata.

Dokoki biyu ba ma sassautawa a kansu. Ba a sa aikin wani a kundi. Idan haɗin gwiwa ne, a rubuta wa ya yi me. Sannan a duba rubutu: wanda ya sa "kasa" a wurin "ƙasa" ko "bata" a wurin "ɓata" a katin mutane, ya ja wa shago asarar takarda da tawada.

Wannan kira ba na masu zane kaɗai ba ne. Ke mai zanen riga a bayan littafi, kai mai rubuta allon sanarwa, ku fara ajiya yau. Tun ran gini, ran zane.

Shi kuwa yayanmu ya sake zana Gobarau, ya fara sabon kundi. Muna roƙon duk malami ko ɗalibin da ya taɓa ɗaukar hoton tsohon allonmu ya duba wayarsa, ya kawo mana ranar Alhamis bayan tashi. Wataƙila shafi ɗaya ya buɗe masa ƙofa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.