Abin Da Na Koya A Makaranta Bayan Rikicin Shasha



A Ibadan aka haife ni, mahaifina yana sayar da albasa a kasuwar Shasha. Lokacin da na samu gurbin karatu a wata babbar makaranta a nan garin, nasihar da ya yi min ɗaya ce: "Karatu ya kai ka, kada ka shiga abin da ba ruwanka." Haka kuwa na yi. Daga aji sai masallaci, daga masallaci sai in hau Micra in koma gida. Ina jin Yarbanci sosai, amma shekara guda na yi ban san sunan mutum goma a ajinmu ba.

A shekara ta biyu wakiliyar ajinmu ta matsa min sai na shiga ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Don kunya kawai na amsa. Aka ba ni aikin tattara kuɗin fotokwafi, sannan ranar Asabar ina koya wa 'yan ajin farko lissafi. A hankali aka daina kirana "Aboki", aka koma kirana da sunana.

A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a Shasha, aka ƙona shaguna da gidaje, mutane da yawa suka koma Sabo neman mafaka. Rumfar Baba da kayan da ke ciki duk sun ƙone. Na riga na yanke shawarar ajiye karatu in kama dako.

A daren farko wayata ba ta huta ba. 'Yan ajinmu ne, Yarbawa da Ibo, kowa yana tambaya ko muna lafiya. Wani ya ce in kawo ƙannena gidansu. Bayan sati biyu suka haɗa kuɗi a tsakaninsu, mai dubu ɗaya, mai ɗari biyar, har kuɗin makarantata ya cika. Da na kai wa Baba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in rubuto masa sunayensu zai yi musu addu'a.

Ƙannena da ke shirin shiga makaranta, ku riƙe karatu da kyau, amma kada ku ware kanku. Ku shiga ƙungiya, ku je gaisuwar rasuwa da biki, ku taimaka tun ba ku da buƙata. Da na ci gaba da zaman kaɗaici, da yau ina dako a kasuwa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.